Shafi Na Tara

Barikisu ce ta fara nuna mini,
bayan la'asar, gam bai bushe a yatsuna ba.
Ta ce, Baba, rubuta takalmi, rubuta Kumasi.
Na rubuta. Muka yi ta gangarawa
kamar masu neman suna a allon sakamakon jarrabawa.
Shafi na ɗaya ba mu, na biyu ba mu.
A na tara muka tsinci kanmu,
ƙarƙashin wani mai sayar da tayar babur.

Shekara ashirin da shida ina yankan fata a Aboabo.
Ban san mutum na iya ɓata ba
alhali yana zaune a shagonsa.

Kakana fatoma ne, mai saukar fataken goro.
In baƙo ya sauka, shi zai ce ga mai kaya, ga mai gaskiya.
Yau injin bincike ne fatoma. Ba ya cin goro,
ba a san ƙofar gidansa ba balle a je gaisuwa,
sai ka ɗauki wanda ya iya yarensa.

Na hau tirotiro zuwa Adum.
Bene hawa uku, sanyin na'ura har cikin haƙori.
Madam Ajuwa ta miƙo ruwan gora da takarda mai sheƙi:
mutum shida za su tsaya a kaina,
mai rubutu, mai hoto, mai ƙirga 'yan leƙe,
rahoto duk ƙarshen wata, da zane mai hawa sama.
Sidi dubu huɗu a wata, wata shida ba fashi.
Na lissafa a zuci: takalmi ƙafa arba'in
kafin in sayi kokon safe.
Ta kira ni Mista Isa. Sunana Isahaku.
Sau biyu na gyara, na uku na bari.

Mutaru kuwa a ƙasa ya tako daga Asawase,
kwamfutarsa ɗaure da roba, fuskarta da tsaga.
Ya zauna kan bencin da nake shanya fata.
Bai ce shafin farko ba, bai ce wata uku ba.
Ya ɗauki wari guda ya shinshina, ya ce,
Masu saye, me suke kiran wannan?
Na ce, ahenema.
Ya ce, To me ya sa ka rubuta takalmin gargajiya mai inganci?
Wa ya taɓa shiga Kejetiya yana cigiyar inganci?

Dariya ta kama ni, kunya ta biyo bayanta.

Amma dare ya yi, wuta ta ɗauke, na kwanta da lissafi.
Mutaru mutum ɗaya ne.
Zazzaɓin sauro na kayar da mutum ɗaya.
Biza na fito wa mutum ɗaya,
ka wayi gari lambarsa ba ta shiga.
Kamfani ba ya zazzaɓi,
sai dai duk wata sabuwar murya ce za ta ɗaga waya
ta tambaye ka me kake sayarwa.
Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, haka aka ce,
ba a faɗi ko hannuwan sun san tukunyar ba.

Lamisi ta juya ta ce, Ka yi barci, Malam,
injin nan ba ya jin tsakinka.

Da safe na kira Mutaru.
Sharaɗi biyu: wata-wata za mu yi, in ka gaji ka faɗa.
Kalmomin sirri kuma a littafin Barikisu za su kwana,
ta zauna gefenka tana kallon hannunka.
Ya ce, Sidi dubu da ɗari biyu. Na ce, Dubu,
da takalmin sallah.
Ya dubi ƙafarsa, ya ce, Lamba arba'in da uku.

Wata na huɗu ke nan. Muna shafi na uku,
wani makon mu zame na huɗu, ban san dalili ba,
shi ma ya ce bai gama sani ba.
Takardar Madam Ajuwa na nan a durowa, ban yaga ba.

Jiya wata mata ta kira daga Takoradi,
ƙafa goma sha biyu take so, na biki, baƙi da ruwan zinare.
Na tambaye ta wa ya ba ta lambata.
Ta ce, Ba kowa.