Ɗan Aike Mai Jin Adireshi Kaɗai

Ƙarfe ɗaya na dare a Gyaɗi-Gyaɗi.
An ɗauke wuta tun magariba,
batir ya sauka zuwa sha tara,
lissafin shagon Alhaji Tasi'u na Kwari
ya ƙi haɗuwa.

Mai harhaɗawa ba ya lallashi.
Jan rubutu yake zubowa, kamar mai gidan haya ƙarshen wata:
sunan fayil, ruwa biyu,
lamba, ruwa biyu,
wata lambar, sannan faɗa.

Edita kuwa ba ya jin yaren faɗan.
Irin mai A Daidaitan nan ne da na hau a Ƙofar Nasarawa,
ina ba shi labarin rasuwar da za ni,
shi kunnensa na jiran abu uku:
wace unguwa, wane layi, gida na nawa.

Haka yake datsa saƙon a kan kowane ruwa biyu,
yadda mahauci ke samun gaɓa ko a duhu.
Fayil unguwa, layi dai layi ne,
lambar ƙarshe ƙofa.
Ragowar zancen ya ajiye mini a cinya bai buɗe ba.
Ranar da na sa ruwa biyu cikin sunan fayil,
a tsakiyar sunan ya datse,
ya nufi unguwar da babu ita a birni da waje.

Yau ya sauke ni layi na ɗari biyu da sha huɗu,
harafi na tara.
Bandir na shadda sau farashi.
Na yi sallama har uku, ba mai laifi a gidan.

Ashe baka na buɗe can sama, layi na sittin,
sa'ad da Barira ta ce tuwo zai huce,
na tashi na bar ta a hangame.
Mai harhaɗawa ya yi ta sauka yana jiran a rufe
har ƙasa ta ƙare masa,
ya kwarma ihu daga inda ya faɗi.
Inda ya yi tuntuɓe, ni kaɗai na sani.

Ban ga laifin ɗan aike ba,
inda aka ce nan ya kai ni.

Na rufe bakar. Batir huɗu.
Na sake turawa.
Shiru.
A sana'ar nan, shiru ne sannu da aiki.