Alƙali Ya Ƙi Gyaɗa

Kwana shida ke nan Alƙali ya ƙi gyaɗa,
sai ya ture ta da baki ta zube ƙasan keji.
Na hau keke har Kasuwar Barci,
na zaɓo gwaiba mai jan ciki.
Ya dube ta da ido guda,
ya juya mini jar wutsiya.

Dabino, ya yar.
Masara ɗanya shataf,
ya ɓare ƙwaya biyu ya bar wa tururuwa.

Likitan dabbobi a Mando ya ɗaga fiffike,
ya leƙa baki, ya ce lafiyarsa lau,
ya karɓi kuɗinsa.

Da can, ko ladan bai farka ba
yake ɗaukar muryata: "Barira, shayi!"
Tun da jirgin Rigasa ya tafi da ita karatu
bai sake cewa uffan ba.

Jiya ta kira.
Na kara waya a jikin wayar keji,
ta ce, "Kai, ɗan nema, ci mana!"
Ya miƙa wuya, ya sauko daga sanda,
ya damƙi gwaibar da ƙafa.

Sai a lokacin na tuna da tuwona,
a rufe tun magariba, har ya sandare.