Rabon da Ba Ya Ragewa

Da hantsi na aiki Tasi'u da tsohuwar kwalbar magani,
ya ɗebo mini ruwa a kududdufin bayan Gwale,
kore shar, mai warin kwana da kwanaki.
Ɗigo guda na ɗora a gilashi,
na sunkuya kan madubin ɗakin gwaji,
ido ɗaya a rufe kamar maharbi.

Ga ta nan.
Ba kai, ba ƙafa, ba gaba, ba baya,
ƙwayar rai ɗaya tak, tana malala
kamar kunun da ya zube a tabarma.
Ta ci, ta ƙoshi, ta tsaya cak.
Sai cibiyarta ta miƙe, ta ja, ta rabu,
ƙugu ya tsuke kamar an ɗaure bakin buhu,
zaren tsakiya ya sirance, ya sirance,
ya tsinke.

Biyu.
Ba naƙuda, ba ungozoma, ba ragon suna,
ba a kai goro gidan kowa ba.
Yara suka yi layi suna leƙawa.
Barira ta ɗago: "Malam, wace ce uwar?"
Na buɗe baki, alli a hannuna,
amsar ta maƙale.

Uwar ba ta mutu ba, babu gawa.
Uwar ba ta nan kuma, babu mai amsa kira.
Kowacce ta tafi da littafin gidansu cikakke,
ba shafin da aka yage.

Ni kuwa bara aka raba gidanmu na Yakasai.
Magini ya ja igiya ta tsakar gida,
bulo ya hau bulo.
Rijiya ta faɗa wajen Yaya Sabi'u,
dalbejiya ta faɗo nawa,
ɗakin Inna aka tsaga shi biyu,
gadonta na ƙarfe bai shiga ko ɗaya ba.
Yanzu in zan gaishe shi sai na zaga ta lungu,
in yi sallama a ƙofa
kamar mai karɓar kuɗin wuta.

Aka kaɗa ƙararrawa.
Na sake leƙawa kafin ɗigon ya bushe:
sun yi nisa da juna, kowacce na kiwonta,
ba mai waiwaye, ba mai jin an cuce ta.

Na wanke gilashin a famfo.
A allo na rubuta: ɗaya, biyu, huɗu, takwas.
Barira tana kwafa a hankali,
ni ina lissafin nawa
da baya da baya.