Jikan Mai-Duro

A bayan 'Yar Kutungu nake zubin tukunya,
ni Rabe, jikan Sada Mai-Duro.
Yara su kawo gwangwani da mataccen fistin,
in auna, in biya, in jefa a wuta.
Sanholo ba ya faɗin inda ya fito.

Kakana ya yi leburanci a Fallomi zamanin yaƙin Hitila,
yana mirgina duron mai daga mota zuwa rumfa,
har tafin hannunsa ya zama kirgi.
Ya ce ran nan bayan azahar
suna raba dabino a inuwar taya
sai ga ƙugi daga arewa,
ba irin wanda kunne ya saba da shi ba.
Jirgi ɗaya tal.
Hancinsa duk gilashi, sai ka ce idon mazari.
Wani Bazabarme har ya ɗaga masa hannu.

Sauran labarin bai taɓa ba mu shi a jere ba.
Wuta, ya ce.
Ya ce, abin da na yi wata uku ina turawa
kafin la'asar ya koma sama baƙi ƙirin.
Ya dawo Katsina da bargo ɗaya
da kunnen hagu wanda ya daina karɓar sallama.
In za ka gaishe shi sai ka zagayo ta dama.
Ya rasu bai san sunan abin ba,
Mai-Idon-Mazari kawai yake ce masa.

Bara Murja, 'yata da ke karatun injiniya,
ta zauna kan buhun gawayi da wayarta,
ta ce, Baba, ga shi. Hainkel sunan kamfanin.
Na goge hannu na karɓa.
Shi ne.
Ban taɓa ganinsa ba, amma shi ne.

Ta yi ta karanto mini ina hura zugazugi:
wai da fari an nuna shi da kujeru,
kamar mai ɗaukar fasinja da wasiƙu,
alhali an riga an auna cikinsa da bom.
Wai gidan nan ne ya fara tada jirgi marar farfela
ana saura kwanaki a fara yaƙin.
Da ƙarfe ya yi wuya suka koma katako da gam,
a ramukan ƙarƙashin ƙasa,
fursunoni na ɗaure musu noti da yunwa a cikinsu.
Nan na tsayar da hannu.
Ashe can ma akwai masu mirgina duro,
su ko tamma ba a ba su.

Da yaƙi ya ƙare aka hana su sama,
suka sauko suna ƙera babur
da wata 'yar mota mai ƙofa a goshi.

Na ce, to shi wancan na Fallomi fa?
Ta ja yatsa, ta yi shiru, ta tuntsire da dariya.
Baba, a hanyar komawa mai ya ƙare masa.
A Sahara ya sauka.
Kwanaki suka yi cikin rairayi suna lissafin ruwa
kafin a gano su.

Wayyo Sada.
Da ka ji wannan da kunnenka na dama
da sai rawaninka ya kwance don dariya,
ko kuwa ka ce, Allah sarki, 'ya'yan wasu ne,
don ban taɓa iya cankar bakinka ba.

Yau na fasa ƙasa na ciro tukunya mai mudu huɗu.
Wata dattijuwa daga Rafindaɗi ta ƙwanƙwasa gindinta,
ta kara a kunne, ta ce tana da amo.
Ta tambaye ni ƙarfen mene ne.
Na ce, Hajiya, na sama da na ƙasa,
duk wanda ya gaji nan yake zuwa.
Ta rage mini naira ɗari biyu,
ta aza a ka, ta nufi Ƙofar Soro.