Tabon Jitar Baba

Ranar rabon gado a Kakuri,
yayana ya ɗau keken ɗinki, ƙanwata Kuyet rediyo,
ni aka miƙo min jita a buhun shinkafa,
tsirkiya huɗu ta rage cikin shida.
Ƙasa da bakinta, inda hannun dama ke sauka,
fenti ya gudu, katako ya fito fari,
ya lotsa kamar dokin ƙofar tsohon masallaci,
har ɗigon ruwa zai iya kwana a ciki.

Na kai ta wa Tanimu kafinta, bayan Kasuwar Barci.
Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa
kamar mai zaɓen kankana.
Ya ce, "Wa ya ci amanar wannan baiwar Allah?
Ba a sa mata garkuwa ba tun fari?
Ɗan faifan roba ne, baƙi, faɗin tafin hannu,
a manna nan, farce ya yi ta faɗansa da shi.
In ka bar ta haka, damina biyu,
ta nan za ka riƙa leƙen cikinta."

Wani dattijo na kan benci, Barmo mai gurmi,
ya zo karɓar kujerar da aka yi masa alkawari tun azumi.
Ya ce, "Kai Tanimu, katako numfashi yake.
Ka liƙa masa roba, ka toshe masa hanci.
Ka taɓa ganin ganga da riga a fuska?"
Tanimu ya ce, "To, naken da ake manna wa kotso fa?"
"Nake don murya ne, yaro, ba don tsoro ba."
"Ko kunnen jemage ba zai ji bambanci ba."
"Naka kunnen zarto ya cinye shi."
Haka suka yi ta yi har aka kira la'asar.

Ni dai ban ce uffan ba.
Karatu nake.

Waɗannan siraran layukan na sama,
daren da ƙyanda ta kama Kuyet ne,
Baba na shafa tsirkiya a hankali
don kada kukanta ya zama shi kaɗai ne sauti a gidan.
Waɗannan masu gicciye, Kirsimeti ne,
mata na guɗa, shi yana zufa cikin kwat ɗin aro.
Wannan rami kuwa, mai zurfin,
shekarar da aka garƙame masaƙa ce.
Ya dawo babu auduga a gashinsa,
ya yanki murfin jarka ya riƙe tsakanin yatsu,
ya yi ta dukanta, ya yi ta dukanta,
mu kuwa bai taɓa ɗaga mana hannu ba.

Tanimu ya dawo da ruwan alwala a gemu.
Ya ce, "Akwai mai garai-garai, in tabon kake so ka gani."
Na ce, "Ba ni baƙin." Na biya.
Ya ɗauko gam, na ce, "Bari, zan manna da kaina."
Barmo ya yi dariya har da tari.

Na haye gada a keke, jita tsakanin gwiwoyina,
kogin ya cika, ja wur da ruwan Agusta.

Da dare na ɗaura sababbin tsirkiyu.
Hannuna bai sauka inda na Baba ke sauka ba,
yatsa guda ya fi sama, inda fenti ke da sauran ƙyalli.
Kafin lantarki ya ɗauke, na yi mata zane na farko.
Na ji zafinsa kamar a fatata.

Faifan yana kan taga har yau.
Jiya dai na yanki kusurwarsa da almakashi,
da ita nake kaɗawa.
Ban faɗa wa Tanimu ba.