Ƙeyar Wanzami

Shekara arba'in ina gindin tsamiyar nan.
Ranar Talata, Mafara ta cika ta batse,
zabira a cinya, ƙahoni bakwai a jere,
duk bayan da ya taɓa tuɓe riga a garin nan
ya san sanyin askata, ya san ni.

Na tsaga mahauta, na tsaga masu jakai,
na tsaga liman, yana cewa in yi a hankali.
In zuƙe iska, in toshe bakin ƙaho da kaki,
in juye baƙin gudaji cikin toka,
in ce, "Ka ga abin da ya hana ka barci?
Tashi, ka rabu da mataccen jini."

Sai bana ƙeyata ta fara daka,
kamar an kafa turmi a bayan kunnena.
In na sunkuya ɗaukar aska
ƙasa ta yi lilo, taurari su fito da hantsi.
Na ɓoye. Wa zai miƙa wuyansa
ga hannun da ke rawa kamar kara da rani?

Luba ce ta kama ni, ɗiyata ta uku,
mai aikin jinya a babban asibiti.
Ta naɗe mini dantse da wani baƙin ƙyalle,
ta matsa, ya kumbura, ya saki.
Lambar ta duba, ba ta dube ni ba.
"Ɗari da tamanin, Baba."
Na ce, "Kuɗin mene ne?"
Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Kuɗin ranka, in ka ƙi magani."

Ta ce in tuna Bakolori da damina,
yadda ruwa ke tokare bango ba ya ko tari.
Na ce, "Ai ƙofa ake buɗe masa,
buɗe ƙofa kuwa sana'ata ce."
Ta ce, "Da ludayi kake kwarfa,
gulbin da ke sama bai fasa zuwa ba."
Jaririyar da na yi wa askin suna,
yau ita ke yi mini bayani.

Wanzami ba ya son jarfa, haka ake faɗi,
ban san da ni ake ba
sai da hannuna ya kasa kai wa ƙeyata.
Na aika a kira Nomau,
yaron da na koya wa riƙon aska.
Na tuɓe, na ba shi baya, na dafe gwiwa.
Ashe haka tabarmar nan take da sanyi.
Ashe akwai zafin da sai mai baya ke sani.

Jinin ya fito baƙi, kamar na kowa.
Kai ya yi sakayau, na yi barci har azahar.
Bayan kwana uku Luba ta dawo da ƙyallenta:
lambar ta ɗan sauko, ta sake hawa,
ƙadangare a jikin gini.

Akwai abin da ƙaho ba ya ja.
Gonar da ban taka ba damina uku,
wayar da ke ƙara tsakar dare,
Jaɓɓi in ya hau hanyar Anka da kaya
ni kuwa ina ƙirga sa'o'i a zaure.
Ba a tsaga fata a fitar da tunani.

Yanzu cikin zabira, kusa da dutsen wāshi,
akwai farar ƙwaya, ɗaya kowace safiya.
Miyata lami. Goro rabi.
Ranar Talata ina nan inda nake,
mai ciwon ƙeya in ya zo ya tuɓe
nakan ce, "Zan kafa maka, amma ka fara
zuwa wurin Luba ta auna ta gani."

Jiya Bagudu mahauci ya ce, "Labbo, ka tsufa,
ka sayar da gadon gidanku ga 'yan zamani."
Na ce ya juya. Na dafa ƙeyarsa,
tana bugawa ƙarƙashin yatsana,
irin bugun da na sani.