Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Daƙiƙa goma sha ɗaya ce kacal.
Ranar Talata, muna aji biyar,
Mannir ya miƙe zai yi karatu,
harshensa ya sarƙe a kan "ba",
ba-ba-ba, kamar babur ya ƙi tashi.
Wayar yayar Sagir na leƙe ta ƙasan benci.

Kafin a kira isha'i
an sa masa kiɗa, an ɗora masa kan akuya.
Daga Ƙofar Marusa ya kai Ƙofar Ƙaura,
ya shiga gidajen da bai taɓa yi wa sallama ba.
Ba ni na ɗauka ba, ba ni na haɗa kiɗan ba.
Na dai danna fuskar nan mai hawayen dariya,
na tura wa mutum uku.
Uku kawai. Haka nake faɗa wa kaina.

Da safe ya shigo, aji ya yi tsit,
sai wani ya yi kukan akuya a hankali.
Shi da hannunsa ke riga na kowa tashi a darasin lissafi
ya koma bencin ƙarshe, jikin karyayyar taga.
Malama Rumasa'u ta kira suna, ya ɗaga yatsa, ba "na'am".
Ta rubuta a littafinta: taurin kai.

Mako na uku ya fasa wa Sagir baki a gindin famfo.
Bulala goma sha biyu a taron safe,
shugaban makaranta na ta faɗa kan tarbiyya.
Ba wanda ya ambaci waya.
Mu ɗari huɗu, kowa ya sani,
kowa ya zuba wa takalminsa ido.

Bayan hutu bai dawo ba.

Bara gilashin wayata ya tsage,
na je layin masu gyara a Tsohuwar Tasha.
Shi ne, ya ƙara tsawo, ya tara ɗan gemu,
sukundireba a bayan kunne.
Ya juya ta, ya duba, ya dube ni.
Na ce, "Nawa?"
Bai buɗe baki ba.
Ya yagi takarda ya rubuta kuɗin
da kyakkyawan rubutun nan da muke kwafa.

Na biya, ban nemi ragi ba.
Kalmar da nake ɗauke da ita tun aji biyar
ta taso, ta tsaya mini a maƙogwaro,
ya-ya-ya...
ni ma ta ƙi fita.